Abin da Mushe Ke Kallo

Fangalin albasar da ke bakin shinge ya sha ruwa har ya fara tumbatsa, amma Zuhura ba ta daina zuba masa ba. Can ƙasan garkar, tumatir da kabeji sun langaɓe suna jiran rabonsu. Laifinsu guda ne: daga inda aka shuka su, ba a hango tudun yashin da Mushe Hamidu, wato Malam Hamidu a lafazin Faransanci, yake tsayawa.

Yana can kuwa, kamar kowace safiya. Dogo ne, siriri, da malfa a ka. Ya kafe motonsa, wato babur, a gindin wata goruba, ya ɗora madubin hangen nesa a ido, ya saita shi kan garkarta. Ba ya motsi, ba ya tari, ko ƙuda ba ya korewa.

"Zuhura, albasar nan ruɓewa za ta yi," in ji Lantana, maƙwabciyarta a garka, ta leƙo ta saman shinge da kwandon rogo a hannu.

"Ke dai ki ji da rogonki."

"Rogona lafiyarsa lau. Ni ban zo ban ruwa da atamfar biki ba."

Gaskiyar Lantana ce. Zuhura, mace mai shekara arba'in da 'yan kai, wadda ta aurar da 'ya'ya, ta binne miji, ta mai da fegin yashi garkar da ake kwatance da ita a duk kwarin bayan Gure, yau ga ta tana jan guga da zanen da ta ɗinka don sunan jikanta. Ido ya sha kwalli, ƙamshin humra yana kokawa da warin taki. Da wani ya faɗa mata haka a farkon bazarar nan, da ta yi masa dariya har ta riƙe ciki.

Abin ya soma ne lokacin da sanyi ya janye, zafi ya fara leƙowa. Wata safiya ta ɗaga kai ta ga mutum a kan tudu da wani baƙin abu a fuska. Ta ɗauka ma'aikacin gandun daji ne ya zo ƙirga itatuwa don ya ci wani tara, ta yi maza ta tura gatarinta ƙarƙashin ciyawa. Da ya dawo washegari, ya kuma sake dawowa, sai Lantana ta ɗauki nauyin bincike, aikin da ba a taɓa roƙonta ta yi ba, ba ta kuma taɓa ƙi ba. Kafin azahar ta dawo da labari cikakke. Malamin kimiyya ne a kwaleji, mutumin Dogon Dutsi, bana aka turo shi. Matarsa ta rasu da jimawa, 'ya'yansa suna Yamai. Yana haya a ɗaki ɗaya bayan tasha, shi yake dafa wa kansa taliya, kullum taliya.

To, namiji da furfura a gemu, ba mata, yana cin taliya, yana tsayuwa kowace safiya yana kallon garkar bazawara. Mutanen Gure ba su nemi tafinta ba.

Lantana ce ta ba da shawarar a gwada shi da abinci. Zuhura ta yi burabusko da miyar kuɓewa, aka kai masa. Kwano ya dawo da sukari da ganyen shayi a ciki. Wannan ladabi ne kawai, kowa na iya yi. Ta sake aikawa, wannan karon da soyayyiyar zabuwa. Kwano ya dawo da sabulu mai ƙamshi da kwalbar turare, irin mai murfin ruwan zinariya ɗin nan. Washegarin ranar kuma, daidai lokacin da ta miƙe tana gyara ɗankwali, Lantana ta rantse ta ga mutumin ya dafe ƙirji yana murmushi shi kaɗai a kan tudu.

Daga nan magana ta fita daga hannun Zuhura. A bakin famfo ana yi mata barka, a wurin niƙa ana sa kwanonta gaba, wata tsohuwa ma ta riga ta tambayi kalar anko. Ta yi ta cewa, "Ku bari, ba komai fa," da bakin da ya ƙi rufuwa don murmushi. Ta ji daɗi, babu amfanin ɓoyewa. An daɗe ba a kalle ta ba, sai dai a kalli albasarta a taya.

Har igiyar gwangwani ta daina ja. Kowace garka a kwarin tana da irinta: igiya ce da aka zagaya da ita kan sanduna, an rataya gwangwanayen tumatir da tsakuwa a ciki, in tsuntsaye suka sauka a fizge ta su watse. Zuhura ta yi suna wajen fizgar nan, tana haɗawa da ihun da ake ji har bakin hanya. Amma macen da ake kallo ta madubi ba ta ihu. Ta bar igiyar ta huta, tsuntsaye suka yi ta tsattsage mata salati, ta ce sadaka ce.

Sai dai kallo ya yi kallo, mutum bai sauko daga tudu ba. Ga kuma Alhaji Garbai na Kelle, dillalin shanu, wanda tun babbar Sallah yake aike wurin yayanta Burahima yana neman aurenta. Alhaji ba shi da abin zargi. Mai sallah ne, mai kyauta, gidansa na siminti, shi ma matarsa ta rasu. Sharaɗinsa ɗaya ne, ya kuma faɗe shi a fili don kada a ce ya ɓoye: matarsa a Kelle za ta zauna, a inuwa, ba za ta duƙa wa albasa ba. Garka sai ta koma hannun Burahima, wanda ya riga ya auna inda zai kafa famfon sola da tanki. Yau ranar kasuwa ce. Alhaji zai shigo da shanu, bayan la'asar zai biya rumfar Burahima ya karɓi amsa ta ƙarshe.

"Mutumin naki mai madubi," Burahima ya ce mata jiya da yamma, "in zai fito, ya fito. Ni ban taɓa jin inda aka ɗaura aure daga kan tudu ba. Alhaji babban mutum ne, ba zan ƙara ce masa ya jira ba."

Shi ya sa yau, da ruwan fangalin ya fara kwarara ƙarƙashin shinge, Zuhura ta ajiye guga, ta gyara mayafi, ta buɗe ƙyauren garka ta nufi tudu. Lantana ta dire kwandon rogo ta nemi wurin da ya fi kyan hange.

Hawan yashi da takalmin biki ba wasa ba ne. Ta isa tana haki, ta tsaya ɗan nesa da shi yadda ya kamata.

"Ina kwana, Mushe."

Bai sauke madubin ba. Ya ɗaga hannu ɗaya, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Lafiya lau, Madam. Don Allah a hankali. Tsuntsun yana kan reshe."

"Wane tsuntsu?"

"Ɗan ƙaramin nan mai jan ƙirji. Ga shi can cikin asuwaki, bayan rijiyarki."

Zuhura ta juya. Ba ta taɓa ganin garkarta daga inda yake tsayawa ba. Ta bi bakin madubin da ido. Ya tsallake shinge, ya tsallake fangalin albasa, ya wuce ta saman daidai inda kanta yake kasancewa kowace safiya, ya faɗa cikin kurmin itacen asuwakin da ke bayan rijiya, wanda ya cika da 'ya'ya jajaye ƙanana. Daga nan sama, wurin tsayuwarta ma wata goruba ta kare rabinsa.

Mushe Hamidu kuwa ya samu mai sauraro, abin da ya rasa tun zuwansa Gure. Ya sauke madubin, fuskarsa ta cika da fara'a, ya shiga bayani kamar yana gaban aji. Ya faɗi sunan tsuntsun da Faransanci, ya ƙara da wani dogon suna da ya ce na masana ne. Ba ɗan ƙasa ba ne, in ji shi, baƙo ne. Daga bayan teku yake zuwa, ƙasashen Turawa, ya yi lokacin sanyi a nan. Nauyinsa bai wuce ƙwayar sukari biyu ba. Yanzu aikinsa cin 'ya'yan asuwaki don ya tara kitse, domin kwanan nan zai tashi ya ƙetare hamada gaba ɗaya, ba ruwa ba inuwa, sai bayan damina a sake ganinsa. Kafin su tashi sukan fara gwada waƙa, kuma shekara da shekaru yana nema bai taɓa jin ta da kyau ba sai a nan.

"Kin san abin mamaki, Madam? Da farko ɗaya ko biyu nake gani. Da kika daina kaɗa gwangwani, duk na kwarin nan suka taru wurinki. Na ce a raina, wannan baiwar Allah tana son tsuntsaye. Karɓi ki gani da idonki."

Ya miƙo madubin. Ba ta karɓa ba. Sai ta ce, "Turaren fa?"

"Wane turare?"

"Wanda ya dawo cikin kwanona."

"A, to. Bon." Ya sosa ƙeya. "Na je butik ɗin Ɗan Kasuwa, shagon nan da kika sani, na ce masa wata baiwar Allah ta yi mini alheri har sau biyu, me ake sakawa a kwano a garin nan. Ya ce mai garka ce? Na ce ita ce. Ya ce in bar masa komai. Shi ya ƙulle a leda, ni ban ma buɗe ba. Turare ya sa?"

"Mushe, ka san sunana?"

Ya buɗe baki. Ya dubi garka, ya dubi madubinsa, ya juya shi a hannu. Mutumin da yanzu ya gama kiran tsuntsu da suna biyu ya tsaya yana ƙifta ido.

"Madam… mai garka."

Ta juya. Ta cire takalman ta riƙe a hannu, ta gangara. Ta shiga garka, ta wuce Lantana da ta buɗe baki za ta yi tambaya, ta kama igiyar gwangwani da hannu biyu. Duk hutun da igiyar ta yi, a fizga ɗaya ta biya shi. Gwangwanaye suka ɗauka daga wannan kusurwa zuwa waccan, Zuhura ta haɗa da ihun nan nata na da, har jakin wani mai ɗiban ruwa ya tsinke ya yi daji. Kurmin asuwaki ya fashe. Tsuntsaye ƙanana, masu ruwan toka, masu ruwan ƙasa, masu rawaya, suka tashi gaba ɗaya suka bi ta kan tudu suka ɓace.

Mushe ya gangaro da sassarfa, malfa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Ya kama shinge. "Madam, lafiya? Me suka yi?"

Lantana ce ta amsa, da ma ta karanta komai a fuskar ƙawarta. Ta matso gabansa ta riƙe ƙugu, ta zayyana masa tun daga burabusko har zuwa anko, da Alhaji Garbai, da la'asar ɗin yau. Ba ta rage komai ba, ta ma ɗan ƙara. Zuhura ta juya musu baya tana jan guga, amma kunnenta yana wurin. Ta ji ya ce, "Inna lillahi," a hankali. Ta ji ya ce, "Duk garin?" Lantana ta ce har Kelle. Da ta saci kallo, ta gan shi zaune dirshan a kan yashi, madubi na lilo a wuyansa. Jim kaɗan ya tashi, ya fara faɗin wani abu, ya fasa, ya hau tudu. Moton ma ya ƙi tashi, sai tura shi ya yi har ya sha kwana.

"Rabu da shi," in ji Lantana. "Mutumin da ke cin taliya kullum, da ma kansa ba zai zauna daidai ba. Allah ya rufa asiri Alhaji na nan. Ki je ki ce kin amince kafin labari ya kai kasuwa. Gobe sai a ce ke kika ƙi malami."

Shawara ce mai kyau, Zuhura ta sani. Lantana ta ɗauki rogonta ta tafi, bayan ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, wato zuwa azahar kowa ya ji.

Zuhura ta ba tumatir da kabeji ruwansu, ta ba su haƙuri a zuci. Sannan ta shiga bukka ta cire zanen bikin, ta ɗaura tsohon na aiki, ta wanke kwallin da ruwan rijiya, ta zauna a inuwar asuwaki ta yi kuka kaɗan. Kunya ce ta fi yawa a cikin kukan. Ba ta tsoron talauci, ba ta tsoron aiki, amma dariyar matan bakin famfo tana tsoronta ƙwarai. Ta hango kanta a Kelle, cikin gidan siminti, a inuwa, an ajiye mata shayi, hannuwanta a kan cinya ba abin yi. Can dai ba wanda zai yi mata maganar turare a gaban idonta.

Rana ta take, kwarin ya yi tsit, masu garka duk sun tafi kasuwa. Ta daɗe a zaune ba motsi, har wani ƙadangare ya ɗauke ta kututture ya bi ta kan ƙafarta. Sai ta ji wani ɗan sauti a saman kanta, tak, tak, irin na tsakuwa biyu in an haɗa su. Ta ɗaga ido, ba ta ɗaga kai ba.

Ga shi nan, in ta miƙa hannu sai ta taɓa reshen. Bai kai rabin tafin hannunta ba. Bayansa toka-toka, ƙirjinsa launin jar tukunya, idonsa da jan zobe, ga wani farin layi daga baki zuwa wuya, sak gashin bakin tsohon jandarma. Ya dube ta da ido ɗaya, ya yanke hukuncin ba ta da haɗari, ya cafke ɗan asuwaki ya haɗiye, ya ƙara, ya kuma ƙara. Sannan ya kumbura maƙogwaro ya saki waƙa, 'yar siririya, mai sauri, duk a cakuɗe, kamar mai ba da labari a tasha yana tsoron mota ta tashi ta bar shi.

"Ashe kai ne," in ji Zuhura a hankali. "Kai ka ci mini zabuwa."

Tsuntsun bai musa ba. Ya koma kan abincinsa.

Dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki da mayafi don kada ya tashi. Shekara nawa tana yankar asuwaki a kurmin nan tana goge haƙori, ba ta san tana saukar da baƙi daga bayan teku ba. Ihun da ta yi da safe ya isa ya kori kura, amma ga ɗan tahalikin nan ya dawo, don nan abincinsa yake. Daidai wurin nan kuma Burahima ya auna zai kafa tanki. Ta dubi rijiyar da ita da marigayi suka haƙa. Ta dubi dabinon da ta dasa shekarar da ta yaye autarta, wanda yanzu ya fi kowane itace tsawo a garkar. Sai ta tambayi kanta tsakani da Allah: duk kwanakin nan da take ja wa Alhaji rai, malamin take jira, ko dalilin zama take nema? Malamin dai ko muryarsa ba ta taɓa ji ba sai yau.

Ta zauna har tsuntsun ya ƙoshi ya shige cikin ganye, sannan ta tashi ta yi alwala.

Bayan la'asar ta shiga kasuwa da zanen aiki. Labari ya riga ta zuwa, ta gani a idon mutane. Masu gaisuwa suna tsawaita ta fiye da kima, masu tumatir suna sunkuyar da kai suna gyara kashin da babu abin gyarawa a cikinsa. Wani mahauci ya yi ɗan fito irin na tsuntsu da ta wuce. Ta tsaya ta dube shi, ya ga wuƙarsa na bukatar washi nan take. Ta biya ta butik ɗin Ɗan Kasuwa da niyyar ta wanke shi tas, ta tarar a rufe.

Burahima yana rumfarsa tsakanin buhunan kanwa da na dabino, yana fifita da kwali. Ya nuna mata tabarma.

"Na ji," ya ce. "Tsuntsu."

"Tsuntsu, Ya Burahima."

Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, amma kafaɗunsa suka fara rawa. Ta bar shi ya gama, ya share hawaye da hannun riga.

"To, alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Alhaji yana kasuwar shanu, yanzu zai iso. In ce masa a sa rana?"

"Ka ce masa na gode. Ka ce mutumin kirki ne, Allah ya ba shi wadda ta fi ni. Amma ba zan je Kelle ba."

Fifitar ta tsaya. "Zuhura, malamin nan fa ba ke yake kallo ba."

"Na sani. Ni na hau tudun."

"Ba malami, ba Alhaji. To me kika zaɓa?"

"Garkata. Kuma kurmin bayan rijiya ba za a sare shi ba, ka nema wa tankinka wani wuri."

"Mutane za su yi ta yi da ke har damina."

"Su yi. Da damina kowa zai kama gonarsa."

Ta faɗe shi da ƙarfin hali. Ta san abin da ta ajiye: inuwa, da hutu, da mafaka daga dariyar Gure. Duk da haka ta ji wani sauƙi ya sauko mata tun daga wuya, irin na wadda ta sauke tulu.

Burahima ya buɗe baki zai sake magana, sai hayaniyar layin ta canza. Mutane suna darewa. Mushe Hamidu ne tafe, cikin farar babbar riga wadda da gani ta daɗe a akwati, da hula, ba malfa ba madubi, gumi na tsiyaya. A hannunsa ƙullin goro ne cikin ganye, babba, an ɗaure shi da igiyar kaba. Bayansa Ɗan Kasuwa, yana washe baki yana ɗaga wa jama'a hannu. Bayan Ɗan Kasuwa kuma Lantana, da rabin kasuwa.

Mushe ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Burahima, ya ajiye goron. Da ji ya haddace abin da zai faɗa.

"Malam Burahima, na zo ne a kan maganar ƙanwarka, Malama Zuhura." Ya faɗi sunan a hankali, yana lura da kowace gaɓa. "Na jawo mata magana a gari ba da sanina ba. Laifina ne, ita ba ta da laifi ko kaɗan. Na ce dole in zo gaban babbanta, in durƙusa, in…"

Wata mata a baya ta rangaɗa guɗa.

Mushe ya tsaya. Ya waiwaya ya ga fuskoki. Ya dubi babbar rigarsa, ya dubi goron. A hankali ya juya ga Ɗan Kasuwa.

"Kai ka ce ba a zuwa wurin babba hannu wofi."

"Ƙarya na yi?" in ji Ɗan Kasuwa. "Kuma goro ne mai kyau, Mushe. Fari, ba ƙwaro ko ɗaya."

Burahima ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya jawo ƙullin gabansa, ya juya shi, ya gyara murya. Dariya na cinsa, amma ya danne ta saboda mutuncin rumfa.

"Mushe, kai baƙo ne, bari in tambaye ka a fili don kada a sake. Mutum ya sa babbar riga, ya kawo goro wurin yayan mace ranar kasuwa. Wannan goron na ban haƙuri ne, ko na tambaya?"

Mushe Hamidu ya ɗaga kai ya dubi Zuhura, da zanen aikinta da busasshiyar laka a gefen ƙafa. Da yake mutum ne da ya saba kallon abu a tsanake, ya daɗe yana kallon, har ya manta ana jiransa. Bai ce na ban haƙuri ne ba.

Zuhura ta zuba masa ido. Ta ga leɓensa ya fara motsi, ta kuma gane irin mutumin: kara kaɗai ta isa ta sa ya auri mace don kada taro ya watse ba daɗi. Ita kuwa ba ta ƙi gidan siminti yanzu-yanzu don ta karɓi auren kara ba.

"Kada ka amsa, Mushe," ta ce. "Yau ka san sunana. Yaushe ka ce baƙin naka suna dawowa?"

"Bayan damina," ya ce da ƙyar. "In gero ya nuna."

"To, Ya Burahima, ka yayyafa masa ruwa ka rufe, ka sa a inuwa. In sun dawo, a sake tambayarsa."

Ta sunkuya ta kwance bakin ƙullin, ta zaɓi ƙwaya ɗaya, ta ɗaure sauran da hannunta.

"Wannan na ban haƙurin ne, na karɓa. Sauran su jira."

Ta ɓare shi, ta jefa rabi a baki, ta miƙa wa Lantana rabi, ta bi ta tsakiyar jama'a ta fita tana tauna.